Mushe na ta zuba, yara na ta kwafa, to wa ya koyi me?

Daren Talatar da ta wuce wuta ta ɗauke a unguwarmu, muna zaune tsakar gida da ampul guda ɗaya da ke cin batirin fanno, wato sola. Ɗan yayata da zai yi BEPC, jarrabawar gama kolej, bana yana ta kai da kawo bakin rijiya da kaye, littafin da yake kwafe darasi, a hannu, yana haddar darasin lantarki da Faransanci kamar mai tilawa, ko numfashi ba ya yi. Abin ya burge ni wallahi. Sai na ce masa zo nan, tunda ka zama injiniya, batirin nan bolt 12 ne, ampul ɗin nan wat 6, amper nawa yake ja?

Ya tsaya. Ya kalli kaye, ya kalli ampul, ya ce "Kawu, ba a ba mu wannan ba."

An ba su. Yana nan a shafin da yake riƙe da shi, mushe ma, wato malaminsu, har ya sa sun zagaye shi da jan bik. Minti biyu kafin nan ya karanto min shi da ka. Abin da ya ƙara min haushi, yaron maƙwabcinmu da ya bar lekwal tun CM2, ajin ƙarshe na firamare, yake bin wani mai haɗa fanno, yana gefe yana cin gyaɗa, bai ko ɗago kai ba ya ce "rabi ne."

Ban yi wa ɗan yayata faɗa ba, don in na yi na bar jaki ne na doki taiki. Yaron nan ba malalaci ba ne, tun asuba yake tashi. Abin da aka koya masa ke nan, ya zauna, ya yi shiru, ya rubuta, ya haddace, ya mayar ranar jarrabawa.

Ra'ayina a fili yake tun yanzu: malami ya tsaya gaban aji yana magana tun shigarsa har fitarsa, yara na sauraro kawai, ita ce hanya mafi rauni cikin hanyoyin koyarwa, kuma ita muka fi riƙewa daga kolej har jami'a. Ban ce a kashe lakca ba. Na ce a rage mata girma, ta zama mabuɗin darasi, ba darasin gaba ɗaya ba. Kuma ni ma na yi shekaru ina koyarwa a matsayin ɗan kwantaragi, duk abin da zan zarga na aikata shi da hannuna.

Abin da muke yi ma ba lakca ba ce

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Lakca ta ainihi ita ce mutumin da ya san abu ya tsaya ya warware maka shi, ya kawo misali, ya nuna maka inda ake tuntuɓe. Abin da ke faruwa a yawancin azuzuwanmu dikte ne. Mushe ya buɗe tsohon kayensa da takardun suka yi ja, ya karanta, "birgil", "puwan", "a la liñ", yara saba'in sun sunkuya, wanda bik ɗinsa ya ƙare ya rasa darasin, wanda ya yi atishawa ya rasa jimla ɗaya.

Awa biyu a haka. Hannu na aiki, kai na hutawa. Na sha kwafe shafi huɗu ina tunanin abin da za a dafa gidanmu, kuma ba kuskure ko ɗaya a rubutun, to ka ga kenan kwafa ba ta buƙatar fahimta.

Na san dalili. Babu littafi, in akwai ma guda ɗaya ne a tebur na mutum huɗu, dole malami ya zama injin fotokopi. Amma fa a san cewa lokacin da aka kashe ana kwafa ba lokacin koyo ba ne, shirin koyo ne kawai, sannan a sallami yaro ya je gida ya yi ainihin aikin shi kaɗai, inda ba mai gyara masa, a gidan da wataƙila ba wanda ya taɓa zama kan benci.

Masu bincike sun auna abin

Wannan ba hirar fada ba ce kawai. A 2014 Scott Freeman na jami'ar Washington a Amurka da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci a jami'o'i, suka kwatanta ajin da ake lakca zalla da ajin da ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin darasi. A ajin lakca kusan ɗalibi 34 cikin 100 ke faɗuwa, a ɗayan kuwa kusan 22. Mutum 12 a kowane ɗari, ba ƙaramin abu ba ne, ka ƙirga ƴaƴan mutane nawa kenan.

Labarin Eric Mazur ya fi min daɗi, malamin fizik ne a Harvard, ɗalibai na yabon lakcarsa, shi ma yana ganin ya iya. Wajen 1990 ya ba su wani gwaji mai tambayoyi masu sauƙi, ba lissafi mai tsawo, tunani kawai, sai ya tarar da yawa sun iya juya formil amma ba su gane abin da yake nufi ba. Daidai ɗan yayata da ampul. Sai ya canja: ya yi bayani kaɗan, ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya ce juya ka shawo kan na kusa da kai, a sake zaɓe. Sau da yawa bayan gardamar nan ta minti biyu masu amsa daidai sai su ƙaru, don ɗalibin da ya gane abu yanzu-yanzu ya fi farfesa tuna inda wahalar take.

Amma don Allah masu yi mana formasiyo, wato horon malamai, su daina nuno mana hoton dalar nan da ke cewa mutum na riƙe kashi 5 na lakca, kashi 90 na abin da ya koyar. Lambobin nan ba su da asali, yawo kawai suke yi daga takarda zuwa takarda. Gaskiyar da aka auna ta isa, ba sai an ƙara mata gishiri ba.

"Wannan ai na Turawa ne, mu yara ɗari gare mu a aji"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa shiga aji a watan Afrilu ba. Rumfar zana, rana ta take, yara a ƙasa wasu kan buhu, iska na ɗaga ƙura, wani bai karya ba. Ka ce wa malamin nan ya raba su rukuni-rukuni su yi bincike, dariya zai maka.

To amma ni tambayata, a cikin yara ɗarin nan nawa lakca ke kaiwa? Layi biyu na gaba. Su ne masu ɗaga hannu, su mushe ya san sunansu. In ya ce "kun gane?" duk aji ya amsa "wiii mushe" da murya ɗaya, har da wanda barci ya tashi. Yawan yara ba hujja ba ce ta lakca, shi ne ma ya sa take ɓoye ɓarna, ba ka sanin wa ya ɓace sai ranar da ka gyara takardu, lokacin kuwa an wuce babi uku.

Kuma maganin ba sabo ba ne wurinmu. Ku tuna ardowaz, ɗan allon da kowane yaro ke rubutu da alli a firamare. Mushe ya ce bakwai sau takwas, ya buga sanda a tebur kowa ya rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin daƙiƙa goma ya ga aji gaba ɗaya, ya san wa ya rubuta 56 wa ya rubuta 54. Malaman da suka fito ekol normal, makarantar horon malamai, sun san sunan hanyar nan, La Martiniyer. Abin da Mazur ke yi da na'urori kenan, mu muna yi da alli da guntun katako. Abin mamaki da yaro ya shiga siziyem, ajin farko na kolej, sai a ajiye ardowaz wai ya girma, a miƙa masa kaye mai shafi 200 da umarnin yin shiru.

Na gwada a shekarata ta ƙarshe ina koyarwa, a wani kolej da ba zan faɗi sunansa ba. Na sa kowa ya yanko kwali huɗu ya rubuta A, B, C, D. In na yi bayani na minti goma sai in rubuta tambaya a tablo da amsoshi huɗu, in ƙirga uku su ɗaga. Ranar farko jikina ya yi sanyi, darasin da na rantse sun gane, fiye da rabi sun ɗaga amsar da ba ita ba. Shekara nawa kenan ina magana da layi biyu ban sani ba. Na ce to kowa ya juya ya yi gardama da maƙwabcinsa, da Hausa ma in ya so. Aji ya kaure, sirbeyan ya leƙo yana zaton faɗa ake. Kwali ne fa na kwalin sukari, ko dala ban kashe ba.

"Sai an gama program"

Eh, sufeto zai zo ya duba kayen darasi ya ga ina ka tsaya, kuma shekarar karatunmu kullum a gutsure take, an koma a makare, ga yajin aiki, ga zafi. Kowa na gudu ya kai babin ƙarshe kafin Yuni.

Sai dai wa ya gama program ɗin? Malami ne ya gama, shi ya faɗe shi duka. Yaro bai gama komai ba. Gwajin PASEC na auna karatun yaran firamare da aka yi a ƙasashen Afirka 10 a 2014 ya sa Nijar a ƙarshe, yaran da suka kai ƙarshen firamare ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake so a karatu ba. Na 2019 ya nuna an matsa gaba, alhamdulillahi, amma yaran nan su ne ke shigowa kolej, mu kuma mu tsaya mu zuba musu Faransanci na awa biyu kamar muna Sorbon. Ruwa ne a rariya.

Da a ce yaro ya riƙe babi takwas da kyau cikin goma sha biyu, da ya fi wanda aka bi da shi ta kan sha biyun a guje. Ko don jarrabawar ma. Mai gyaran takarda ba ya ba da maki don an karanta maka.

"Mu da haka muka koya, ga mu mun zama mutane"

Wannan manyanmu ke faɗa, kuma da girmamawa nake amsawa. Ranka ya daɗe, ku nawa kuka shiga CI, ajin farko na firamare, ku nawa kuka kai bak, jarrabawar shiga jami'a? Waɗanda suka tsira su ne ke ba da labari. Sauran suna kasuwa, suna kan kabu-kabu, wasu sun tafi Libiya ko Kano, kuma da yawansu sun tafi da tunanin cewa su ne ba su da kai. Mai ƙwaƙwalwar da zai koya ko da an kulle shi a ɗaki da littafi, wannan kowace hanya ta yi masa. Makaranta ba don shi kaɗai aka gina ta ba.

Sannan ba gaskiya ba ne a ce haka muka gada. Je ka makarantar allo. Kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, yana karantawa da bakinsa, ya zo ya biya wa malam ko gardi, in ya yi daidai a ce ya wanke a ƙara masa, in bai yi ba ya koma. Ba wanda ake jan sa gaba don kalanda ta ce. Tana da nata matsalolin, bulala da bara da haddar da ba fassara, ba na musu, amma a wannan gefen ta fi mu: malam ya san matsayin kowane yaro kullum.

Karatun zaure ma haka. Ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na fassarawa yana gyara masa wasali, daga Ahalari zuwa Risala, mutum ɗaya bayan ɗaya, sauran na jiran layi suna amfana da na wani. Bakin ɗalibi ba ya rufe.

Ko ka shiga kasuwar Dole a nan Zinder ka tsaya wurin tela. Ba ya tara yaransa ya yi musu jawabi kan tarihin keken ɗinki. Ya ba ka ƙyalle ka yi layi miƙaƙƙe, ka karkace, ya warware ya ce sake. Bakanike haka, maƙeri haka, dukawan da suka sa aka san Damagaram da aikin fata haka. Duk garin nan ba inda ake koyon abu da zama shiru sai lekwal.

Inda lakca ke da gaskiya

Ba zan zalunce ta ba. Akwai abin da sai wanda ya sani ya faɗa maka, ba za ka gano shi da tattaunawa ba ko za ku kwana. Tara yara biyar da ba su san komai kan yaƙin Rabe ko mulkin Sarkin Damagaram Tanimun ba ka ce su yi muhawara, jahilci kawai za su raba. Mai farawa yana buƙatar bayani tsararre, mataki-mataki, da misalin da aka warware a gabansa.

Kuma na taɓa zama gaban malamin tarihi da in ya fara ba ka so a buga ƙararrawa. Har yau ina tuna muryarsa. Irin wannan yana sa maka son abu, kuma son abu rabin karatu ne. Tafsirin azumi ma ai lakca ne, mutane na cika masallaci da son ransu. Sai dai ba wanda ya zama malami da sauraron tafsiri kaɗai, wanda ke son ilimin sai ya ɗauki littafi ya je zaure.

Haka kuma ba duk abin da aka kira sabuwar hanya ne ke da amfani ba. Ekspoze ɗin da ake ba yara yanzu, a raba su shida-shida, mutum ɗaya ya je ya kwaso daga intanet, a haɗa kuɗi a buga, ranar gabatarwa su tsaya su karanta abin da ko furta shi ba su iya ba, mushe na baya yana duba waya. Wannan lakca ce ita ma, kawai an ba wanda bai iya ba ya yi. Gara ta mushen.

Ɗaliban ma ba sa so

Wannan na gani da idona. Da na fara kwalayen nan wasu suka kai ƙarata wai ba na ba da darasi, kayensu bai cika kamar na ɗaya ajin ba. Wani uba ya tare ni a hanya ya ce "Malam, yaron nan kwana biyu ba na ganin rubutu."

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A 2019 an yi gwaji a Harvard ɗin dai, ɗalibai iri ɗaya, darasi iri ɗaya, wani lokaci lakca mai kyau wani lokaci aiki a aji. Da aka tambaye su suka ce sun fi koyo a lakca. Da aka gwada su, makinsu ya fi a ɗayan. Lakca mai daɗi tana sa ka ji kamar ka gane, don komai na tafiya sumul a bakin malam. Sai an ce yi da kanka sannan ka san inda kake, wannan kuwa ba daɗi, ba mai son a ga gazawarsa gaban mutane.

Mu kuma ga kunya ta ƙaru a kai. An tarbiyyantar da yaro kada ya yi musu da babba, yarinya kuma ta fi, sai ka shekara ba ka ji muryar wata ba. Ga harshe. Yaro ya san amsa da Hausa amma tsoron ya karya Faransanci a yi masa dariya ya sa ya haɗiye. Shi ya sa gardamar mutum biyu ta fi "wa zai zo tablo", yarinyar da ba za ta taɓa ɗaga hannu ba za ta yi magana da ƙawarta a hankali, kuma ta ɗaga kwali tunda kowa na ɗagawa.

Maganar harshen nan ma a garin nan aka fara taɓa ta, makarantar gwaji ta farko da aka koyar da yara da Hausa a Zinder aka buɗe ta a 1973. Fiye da shekara hamsin ana kiranta gwaji. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta mayar da Faransanci harshen aiki, ina fata abin ya sauko har cikin aji. Amma in za a fassara tsohon kayen ne zuwa Hausa a ci gaba da dikte, to sunan kawai aka canja.

A jami'a ma dai maganar ɗaya ce. Tun da aka buɗe tamu ta Zinder a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, ƴaƴanmu da yawa ba sai sun je Yamai ba, kuma kusan kowane ɗalibi na da waya da WhatsApp. Malamin kowace jami'a zai iya tura darasin tun kwana biyu kafin a haɗu, awa biyun anfi, wato babban ɗakin lakca, a kashe su kan tambayoyi da warware matsala maimakon karanta abin da kowa zai iya karantawa a ɗakinsa. Wasu za su zo ba su karanta ba, tabbas. Tambaya uku a farkon darasi da ke shiga maki tana gyara wannan cikin sati biyu.

Shi kuwa ɗan yayata, daren nan na karɓe kayen na ajiye kan tabarma. Na ɗauko caja, na ɗauko tsohuwar rediyo, na ce karanta abin da aka rubuta a bayansu ka faɗa min wanne zai fi saurin shanye batirin nan. Ya ɓata rai, ya yi kuskure sau biyu, yaron maƙwabci na yi masa dariya, suka hau gardama har uwarsa ta leƙo ta ce mu rage murya mutane na barci. Can ya ce "au, Kawu, ashe raba wa ake yi." Ya ɗauki kayen ya sake duba layin da aka zagaye da jan bik, ya daɗe yana kallonsa. Jiya kuma ya zo yana tambayata ko batirin zai iya ɗaukar firji, na ce ya je ya lissafa ya kawo min, har yanzu bai dawo da amsa ba.